Cima da Muhallin Mutanen Niyandatal: Abin da Ragowar Tsirrai da Ƙasusuwan Dabbobi Suka Nuna

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rayuwar mutanen Niyandatal, waɗanda suka zauna a Turai da yammacin Asiya tun daga wajen shekara 400,000 zuwa shekara 40,000 da suka wuce, ta hanyar bibiyar ragowar tsirrai da ƙasusuwan dabbobi da aka tono a mazaunansu. An daɗe ana ɗaukar su a matsayin mazauna kogo a ƙasar ƙanƙara, waɗanda ba su san wani abinci ba sai naman manyan dabbobi. Maƙalar ta nuna cewa wannan fahimta ta samo asali ne daga yadda ƙashi yake daɗewa a cikin ƙasa, tsiro kuwa yake saurin ruɓewa. An kwatanta sakamakon tono daga Jamus da Beljiyam da Sifen da Fotugal da Gabas ta Tsakiya, inda aka ga cewa cimarsu da sana'arsu sun bi yanayin duk wurin da suka sami kansu. Daga ƙarshe an kawo misalin kogon Shanidar domin nuna hattarar da ake buƙata wajen fassara irin wannan shaida.

Fitilun Kalmomi: Niyandatal, ilimin kufai, muhalli, cima, ƙurar fure, kantar haƙori

1.0 Gabatarwa

Al'ummar da ba ta bar rubutu ba, ba ta kuma bar masu riƙe labarinta a baki ba, babu hanyar sanin rayuwarta sai ta abin da ta zubar. Tokar murhu da gawayinsa, da ƙashin da aka fasa aka zaro ɓargo, da ƙwayar irin da ta faɗa wuta ta ƙone, su ne takardun da mai bincike zai karanta. Mutanen Niyandatal suna cikin irin wannan al'umma. Duk abin da aka sani game da su an same shi ne daga ƙasusuwansu, da makamansu na dutse, da kuma tarkacen da suka bari a wuraren zamansu.

Masu nazarin al'ada sun san cewa abinci madubin muhalli ne, domin mutum yana cin abin da ƙasarsa ta ba shi ne, gwargwadon sanin da ya yi mata. Saboda haka tambayoyin da wannan maƙala ta sa a gaba su ne: a wane irin daji waɗannan mutane suka zauna, me suka ci, kuma ta yaya masana suka kai ga sanin haka? An tattara bayanan ne daga sakamakon binciken da masana suka wallafa, aka kwatanta su wuri da wuri. Maƙalar ta taƙaita ga shaidar tsirrai da dabbobi. Ba ta shiga muhawarar asalin ɗan Adam ba, domin wannan fage ne mai zaman kansa. Shekarun da aka ambata kuwa ƙiyasi ne na masana bisa gwaje-gwajen kimiyya.

1.1 Bayanin Wasu Kalmomi

An yi amfani da "ilimin kufai" da nufin fannin da ke tono tsofaffin mazaunai domin gano rayuwar mutanen da suka shuɗe. "Ƙurar fure" ita ce garin nan mai laushi da furanni ke fitarwa, irin wanda manomi ke kira bununi a jikin zangarniyar gero. "Kantar haƙori" ita ce daɗɗaɗɗen dattin da ke taruwa a gindin haƙori har ya daskare ya yi tauri. "Tsakuwar tsiro" kuwa wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu taurin yashi da ke samuwa a jikin ciyayi da wasu itatuwa, waɗanda suke saura a ƙasa bayan tsiron ya ruɓe.

2.0 Su Wane ne Mutanen Niyandatal?

Sunan ya fito ne daga kwarin Neander da ke kusa da birnin Düsseldorf a Jamus, inda masu fasa dutse suka ci karo da wasu ƙasusuwa a cikin kogo a shekarar 1856. Kafin wannan an sami ƙoƙon kai a Engis ta ƙasar Beljiyam a 1829, da wani a Jibralta a 1848, amma ba a gane ko na wane ne ba sai daga baya. A 1864 ne masani William King ya ba su sunan da kimiyya ta san su da shi. Mutane ne gajeru masu ƙirar ƙarfi, da faɗin ƙirji, da babban hanci, da tudun ƙashi a saman ido. Girman ƙwaƙwalwarsu ya kai na mutanen yau. An sami mazaunansu tun daga gaɓar tekun Fotugal har zuwa duwatsun Altai da ke Saberiya, da kuma kudu zuwa Dutsen Karmel da arewacin Iraƙi. Ba a taɓa samun ƙashinsu a Afirka ba.

Mummunan sunan da suka yi yana da tarihi. Tsakanin 1911 da 1913 Marcellin Boule ya wallafa bayanin wani kwarangwal da aka tono a La Chapelle-aux-Saints ta Faransa, inda ya siffanta mai shi da duƙaƙƙen halitta mai jan ƙafa. A 1957 aka sake duba ƙasusuwan, aka ga ashe dattijo ne da ciwon gaɓɓai ya tanƙwara. To amma siffar ta riga ta zauna a zukatan mutane. A 2010 kuma ayarin Svante Pääbo ya nuna cewa mutanen yau da asalinsu yake wajen Afirka suna ɗauke da kimanin kashi 2 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon Niyandatal. Wani bincike na 2020 da ya haɗa da Yarabawa da Esan na Nijeriya ya sami wajen kashi 0.3 cikin ɗari a jikin 'yan Afirka, wanda ake danganta mafi yawansa da mutanen da suka dawo nahiyar daga waje a zamanin da.

3.0 Nau'o'in Shaida da Yadda Ake Karanta Su

Shaida ta farko ita ce ƙashin dabba. Daga siffarsa ake gane nau'in dabbar, daga haƙoranta a gane shekarunta da lokacin shekarar da aka kashe ta. Wuƙar dutse tana barin siririn zane a jikin ƙashi, wanda ya bambanta da tabon haƙorin kura. Idan zanen wuƙa yana ƙasa, tabon haƙori yana kansa, to mutum ne ya fara isa ga naman. Idan akasin haka ne, ke nan ragowar naman da wata dabba ta kashe ya tsinta.

Ta biyu ita ce ƙurar fure. Kowace shekara iska tana zuba ta a kan tafkuna, ta nutse cikin laka, lakar kuma ta taru hawa-hawa. Ɓawon ƙurar yana da juriya ƙwarai, kuma kowane dangin tsiro da irin siffar tasa. Idan aka ciro lakar aka duba kowane hawa da madubin ƙara girma, za a iya faɗin lokacin da wurin yake kurmi da lokacin da ya koma fili. Gawayin murhu yana ƙara haske, domin ƙwayar itace tana nan a jikinsa ko bayan ya ƙone, don haka ana gane itacen da aka hura wuta da shi.

Ta uku ita ce jikin mutumin kansa. Akwai wani nau'in sinadarin naitirojin mai nauyi da ke ƙaruwa a jikin halitta daga mataki zuwa mataki: na mai cin ciyawa ya fi na ciyawa, na mai cin nama ya fi na mai cin ciyawa. Auna shi a cikin ƙashi yana nuna inda mutum ya fi samun abinci mai gina jiki. Kantar haƙori kuma tana rufe ƙwayoyin sitaci da tsakuwar tsiro da ɓurɓushin ƙwayoyin gado na abin da ya shiga baki, ta adana su dubban shekaru.

Waɗannan shaidu ba su da ƙarfi ɗaya wajen jure zamani. Ƙashin doki yana iya kwana shekara 100,000 a cikin kogo, amma ganye da saiwa da 'ya'yan itace ba sa wuce 'yan makonni, sai fa in sun ƙone ko sun nutse a lakar da iska ba ta shiga. Masu tono na farko ƙashi da dutse suka tarar, su suka tattara, a kansu kuma suka gina hukunci. Sai da aka fara tace ƙasar tono a cikin ruwa domin ƙonannun iri su taso sama, aka kuma koma ga madubi, sannan kason tsirrai ya fara bayyana.

4.0 Muhalli Tsakanin Sanyi da Ɗumi

A tsawon zamanin Niyandatal, yanayin duniya ya yi ta sauyawa tsakanin dogon zangon sanyi da gajeren zangon ɗumi, zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin shekara 100,000. A lokacin tsananin sanyi ƙanƙara takan rufe arewacin Turai, teku ya ja baya da fiye da mita 100, har Ingila ta haɗe da sauran nahiyar ta ƙasa. Tsakiyar Turai takan zama fili mai ciyawa, inda giwa mai gashi da karkanda mai gashi da dawakin daji da barewar ƙanƙara suke kiwo. A zangon ɗumi kuwa, kamar wanda aka yi daga wajen shekara 130,000 zuwa 115,000 da suka wuce, kurmi yakan mamaye ƙasar, har dorina ta zauna a kogunan Ingila da Jamus.

Wurin da ya fi bayyana rayuwarsu a zangon ɗumi shi ne Neumark-Nord, kusa da birnin Halle a Jamus. Wasu tsofaffin tafkuna ne da aikin haƙar kwal ya tono, waɗanda mutanen Niyandatal suka zauna a bakinsu wajen shekara 125,000 da suka wuce. A 2021 Wil Roebroeks da abokan aikinsa suka kwatanta ƙurar furen wannan wuri da ta wasu tafkuna na yankin masu zamani ɗaya da shi. Sauran tafkunan kurmi ya rufe su. Neumark-Nord kuwa ya zauna a buɗe, da ciyawa da ƙananan tsirrai masu son rana, har na tsawon kimanin shekara 2,000, daidai da lokacin da makaman dutse da gawayi suka yawaita a cikin lakar. Masu binciken sun fassara wannan da cewa zaman mutanen, da wutar da suke hurawa, da zirga-zirgarsu, suna cikin abin da ya hana kurmin rufe wurin. Idan haka ne, wannan yana cikin shaidu mafi daɗewa na yadda mutum ya sauya kamannin dajin da yake ciki.

5.0 Shaidar Dabbobi

5.1 Farautar Manyan Dabbobi

Babu shakka a kan cewa mafarauta ne ƙwararru. A Salzgitter-Lebenstedt ta arewacin Jamus an sami ƙasusuwan barewar ƙanƙara aƙalla 86, waɗanda haƙoransu da ƙahoninsu suka nuna an kashe yawancinsu ne a lokacin kaka. A Mauran ta kudancin Faransa an tono ƙasusuwan ɓaunar Turai fiye da 100 a ɗan ƙaramin ɓangaren da aka haƙa. Irin wannan tarin nau'in dabba guda a wuri guda yana nuna sanin hanyar garke da lokacin wucewarsa, da kuma haɗin kan jama'a wajen tare shi.

A Neumark-Nord an tono ƙasusuwan giwaye fiye da 70 na wani nau'i mai miƙaƙƙen haure da ya ƙare a duniya, wanda toronsa kan kai nauyin tan 13. Binciken da Sabine Gaudzinski-Windheuser ta jagoranta a 2023 ya sami zanen wuƙa a kusan kowane sashe na jikinsu, har da tafin ƙafa inda kitse ke taruwa. Mafi yawansu manyan toraye ne, waɗanda a ɗabi'ar giwa sukan ware daga garke su yi kiwo su kaɗai. Da mutuwar Allah da annabi ce ta tara su, da an ga 'ya'ya da tsofaffi da mata gauraye. An ƙiyasta cewa giwa ɗaya mai tan 10 za ta ba da abincin yini na mutum 2,500, wato abin da zai riƙe mutum 100 kusan wata guda. Wannan yana nufin ko dai sukan taru da yawa a wasu lokuta, ko kuma sun san hanyar adana nama, ko duka biyun. A wannan wuri dai an sami ƙasusuwan barewa biyu masu hujin mashi, kuma gwaji ya nuna daga kusa aka soke su. A Lehringen kuma, a 1948, an sami mashin itace mai tsawon fiye da mita 2 tare da kwarangwal ɗin irin wannan giwa.

Awon naitirojin ya ƙarfafa wannan hoto. A shekarar 2000 aka auna ƙasusuwan Niyandatal na kogon Vindija da ke Kuroshiya, aka sami adadin da ya yi daidai da na manyan dabbobi masu cin nama. Sai dai awon yana da iyaka ta fuska biyu. Yana nuna tushen abinci mai gina jiki ne kawai, don haka saiwa da hatsi ba sa fitowa sosai a cikinsa. Sannan sinadarin da ake aunawa ya fi daɗewa a ƙasa mai sanyi, saboda haka yawancin waɗanda aka auna mutanen arewa ne na ƙarshen zamanin.

5.2 Ƙananan Dabbobi da Halittun Teku

Idan aka gangara kudu sai labarin ya faɗaɗa. A kogon Bolomor da ke gabashin Sifen an sami ƙasusuwan kunkuru da zomo da tsuntsaye masu alamar yanka da gashi. A kogunan dutse na Gorham da Vanguard da ke Jibralta an sami ƙumbar teku da aka gasa, da ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa irin su dolfin, da kuma na tantabarar dutse da aka yi ta ci tsawon dubban shekaru. A kogon Figueira Brava da ke kudu da birnin Lisbon, binciken João Zilhão na 2020 ya nuna cewa tsakanin shekara 106,000 da 86,000 da suka wuce mazauna wurin sun dogara ƙwarai ga teku: ƙumba da ƙaguwa da kifi da tsuntsayen ruwa. Ƙaguwar ma manya suke zaɓa, su gasa su a kan garwashi.

Ba duk tsuntsun da suka kama ne don ci ba. A Fumane ta Italiya da kuma Jibralta an sami zanen wuƙa a ƙasusuwan fukafukan ungulu da gaggafa da hankaka, wurin da babu naman kirki sai dogayen gashin fiffike. A Krapina ta Kuroshiya an sami akaifu takwas na gaggafa masu alamar yanka da gogewa, waɗanda suka kai shekara 130,000. Masana da yawa suna ganin kayan ado ne.

6.0 Shaidar Tsirrai

Kogon Kebara da ke Dutsen Karmel yana cikin wuraren farko da suka ba da shaida mai yawa. A cikin tokar murhunsa, wadda ta kai tsakanin shekara 60,000 da 48,000, an tace ƙonannun iri kimanin 4,000, mafi yawansu dangin wake na daji, tare da ɓawon 'ya'yan itatuwa masu mai. Waɗannan mutane dai su ne masu farautar barewa a kan wannan dutse, ke nan nama da wake a murhu ɗaya suka haɗu.

A 2011 Amanda Henry da abokan aikinta suka kankare kantar haƙoran mutum uku, ɗaya daga kogon Shanidar na arewacin Iraƙi, biyu daga kogon Spy na Beljiyam. A haƙoran na Shanidar sun sami tsakuwar dabino, da sitacin dangin wake, da na ciyayi dangin sha'ir. Wasu daga cikin ƙwayoyin sitacin sun kumbura sun fashe irin yadda sukan yi idan an dafa su. A haƙoran na Spy kuma sun sami sitaci mai kama da na saiwar bado. A 2022 Ceren Kabukcu ta duba wasu ƙonannun gutsattsarin abinci daga Shanidar masu kimanin shekara 70,000, ta ga dangin wake ne da aka daka aka gauraya da ƙwayar ciyayi. Irin wannan waken daji yana da ɗaci da ɗan guba a ɓawonsa, kuma jiƙawa da dakawa suna rage su. Duk wanda ya san wahalar gyaran rogo mai ɗaci kafin a ci zai gane cewa wannan aiki ne na sani, wanda ake koya wa na baya.

Kwatanci mafi jan hankali shi ne na 2017, lokacin da Laura Weyrich da abokan aikinta suka nemi ƙwayoyin gado a kantar haƙoran mutanen Spy da na kogon El Sidrón da ke arewacin Sifen. A Spy, wadda take cikin filin ciyawa mai sanyi, sun ba da rahoton karkanda mai gashi da tumakin daji. A El Sidrón, wadda take cikin kurmi wajen shekara 49,000 da suka wuce, sun ba da rahoton laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da ƙwayar itacen fayin, da gansakuka. Wani matashi daga cikinsu mai ƙurji a gindin haƙori an sami alamar wani itace a bakinsa wanda ke ɗauke da sinadarin da aka samo asfirin daga danginsa. Tun a 2012 ma Karen Hardy ta sami alamar hayaƙin itace da ta wasu ganyaye biyu masu ɗaci marasa amfanin ƙoshi a haƙoran mutanen wannan kogo, ta fassara su da magani. Wasu masana sun yi kira da a yi hattara da sakamakon 2017, saboda ƙwayoyin gadon da aka samu kaɗan ne, kuma ana iya rikita na wani tsiro da na danginsa. Duk da haka akwai darasi a Spy: hanya ɗaya ta nuna nama, wata ta nuna saiwa, a bakin mutanen wuri ɗaya. Wanda ya tsaya ga hanya guda rabin labari zai samu.

Har bayan gida ya ba da tasa shaidar. A El Salt ta Sifen, a 2014, an auna wanda ya daskare tun wajen shekara 50,000, aka sami sinadarin da ke fitowa daga narkewar nama da yawa, tare da wanda ke fitowa daga narkewar tsiro.

7.0 Tsirrai da Dabbobi a Matsayin Kayan Aiki

Amfanin daji bai tsaya ga ciki ba. A Poggetti Vecchi ta Italiya laka ta adana sanduna masu tsawon kimanin mita 1 tun shekara 171,000 da suka wuce. An zaɓi itace mai tauri ƙwarai, aka babbaka shi domin ɓawon ya yi sauƙin kankarewa, kuma siffarsu ta yi kama da ta dagin tonon saiwa. A Campitello, ita ma a Italiya, an sami duwatsu masu kaifi da baƙin danƙo a jikinsu tun wajen shekara 200,000. Ana samun danƙon ne ta hanyar turara ɓawon wata bishiya mai farin jiki ta ƙasashen sanyi, kuma da shi ake liƙa kaifin dutse a ƙota. A Abri du Maras ta Faransa, a 2020, an gano guntun igiya mai tsawon milimita 6 da aka tufka da zare uku na ɓawon itace na ciki.

A Pech-de-l'Azé da Abri Peyrony, duk a Faransa, an sami haƙarƙarin dabba da aka goge bakinsa ya yi santsi, irin abin da masu aikin fata ke murza ta da shi domin ta yi laushi da sheƙi. Gwajin da aka yi wa na Abri Peyrony ya nuna daga haƙarƙarin dangin ɓauna aka yi su, har a hawan ƙasar da barewar ƙanƙara ta fi yawa a cikin abin da aka farauto. Ke nan sun san ƙashin da ya fi jure aikin, kuma shi suke nema.

8.0 Darasin Kogon Shanidar

Tsakanin 1951 da 1960 Ralph Solecki ya tono kwarangwal kimanin goma a Shanidar. Ɗaya daga cikinsu namiji ne da hannunsa na dama ya shanye, ya kuma sami mummunan rauni a gefen fuska, amma ya rayu shekaru bayan haka, abin da ke nuna akwai masu kula da shi. Wanda ya fi shahara kuwa shi ne na huɗu. Masaniyar ƙurar fure Arlette Leroi-Gourhan ta sami curin ƙurar furanni a ƙasar da ke kewaye da shi, aka fassara haka da cewa an binne shi ne a kan furanni. Labarin ya bazu a duniya, ya kuma taimaka wajen gyara sunan Niyandatal.

A 1999 Jeffrey Sommer ya nuna cewa akwai wani ɓeran daji a yankin mai tara furanni da iri a raminsa, kuma an ga ramuka a kusa da gawar. A 2023 Chris Hunt da abokan aikinsa suka ƙara da cewa furannin da aka lissafa ba sa buɗewa a lokaci ɗaya na shekara, don haka da wuya a ce rana ɗaya aka tsinko su. Sun fi karkata ga wasu dangin ƙudan zuma masu haƙa rami a ƙasan kogon, waɗanda ke tara ƙurar fure curi-curi. Wannan bai rushe batun ajiye gawa da gangan ba, domin sabon tonon da aka yi a wurin ya fito da wani kwarangwal a 2018, mai kimanin shekara 75,000, dab da inda na huɗun yake. Abin da ya raunana shi ne batun furannin. Darasin shi ne, kafin a tambayi ma'anar abin da aka tono, sai an fara tambayar yadda ya iso wurin: hannun mutum ne, ko iska, ko ruwa, ko ɓera.

9.0 Kammalawa

Shaidun da aka bibiya sun nuna cewa babu cima guda da za a kira ta Niyandatal. Na filin sanyi ya bi garken barewar ƙanƙara da ɓauna, na bakin tafki a zangon ɗumi ya fuskanci toron giwa, na gaɓar teku ya gasa ƙaguwa, na Gabas ta Tsakiya ya daka waken daji ya tsinki dabino. In kiɗa ya sauya, rawa ma takan sauya. Abin da ya haɗa su shi ne sanin muhalli: lokacin wucewar dabba, da tsiron da ake ci da yadda ake cire masa ɗaci, da itacen da ya dace da kowane aiki. Wannan sani ne ya riƙe su fiye da shekara 300,000 a cikin yanayin da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Ga mai nazarin Hausa, amfanin wannan fage yana cikin hanyoyinsa. Da irinsu ne aka gano ƙonannen gero da wake a kufan Nok, aka kuma sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Tarihin cimar ƙasar Hausa ya dogara ƙwarai ga rubutattun bayanai da tarihin baka da nazarin sunayen abinci, waɗanda zurfinsu yake da iyaka. Tokar tsofaffin murhu a kufai irin na Turunku da Kufena, da lakar tafkunan da ke kewaye da tsofaffin birane, wurare ne da za a iya neman abin da ya gabaci waɗancan bayanai, muddin masana harshe da al'ada suka haɗa hannu da masana ilimin kufai.